Kashi 90 ko kashi 35? Nazarin wani saɓani a lissafin hasken X na sararin samaniya

Lambobi biyu ne suka jawo wannan rubutu. Ta farko tana cewa masana sun riga sun gano tushen kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na hasken X da ya shimfiɗu ko'ina a sararin samaniya. Ta biyu tana cewa abin da aka gano bai fi kusan kashi 35 ba. Duka biyun daga hannun masu bincike na ƙwarai suka fito, an buga su, kuma babu wanda ya janye tasa.

Wadda ta ci karo da su ɗaliba ce a sashen fizik na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Harobanda, a ƙetaren gulbi. Ni na koyar da ita a lise, shi ya sa har yanzu idan abu ya shige mata duhu takan biyo ta gidana. Tana rubuta ɗan kundin ƙarshen shekara ta uku, ta zaɓi wannan batu, ta kuma riga ta rubuta a babin ƙarshe cewa an warware matsalar tun farkon shekarun 2000. Sai ta karanta sakamakon da masaniya Fiona Harrison da abokan aikinta suka fitar a 2016, mai ɗauke da lamba ta biyun nan, babin nata ya rushe. Tambayar da ta kawo mini gajera ce: "Malam, wani ne ya yi kuskure a cikinsu, ko ni ce ban fahimta ba?" Na ce mata, "Ɗiyata, kafin ki yanke wa kowa hukunci, ki fara tambayar kowannensu wane irin haske ya ƙirga." Abin da ke biye shi ne yadda muka bi lamarin.

Hasken da ba a je nemansa ba

Hasken X na sama ba ya isowa ƙasa. Iskar da ta lulluɓe duniya, wadda nauyinta ya kai kusan kilo guda a kan kowane santimita murabba'i, tana shanye shi tun yana can sama. Wanda yake son ganinsa sai ya ɗaga na'urarsa ta wuce iskar. A watan Yunin 1962 Riccardo Giacconi, Herbert Gursky, Frank Paolini da Bruno Rossi suka harba wata ƙaramar roka daga White Sands a Amurka, da niyyar auna hasken X daga wata. Rokar ta yi ƴan mintuna kawai a sama. Ba su ga na watan ba. Sun ga wani tushe mai tsananin haske a wajen taurarin Kunama, wanda aka sa wa suna Sco X-1, sannan suka lura da abin da ya fi wannan ban mamaki: duk inda na'urar ta juya akwai haske, ba ya yankewa. Wannan binciken na cikin abin da ya sa Giacconi ya sami kyautar Nobel a 2002.

Tauraron ɗan'adam na farko da aka keɓe wa wannan fanni daga Afirka ya tashi. Uhuru ke nan, wanda aka harba ranar 12 ga Disamban 1970 daga wani dandali na Italiyawa a tekun Malindi, ranar da Kenya ke bikin samun ƴancin kai. Shi da waɗanda suka biyo bayansa sun nuna cewa hasken kusan daidai yake ta kowace fuska. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa daga wajen galaksinmu, wato babban tarin taurarin da ranarmu ke ciki, yake zuwa, domin da na gida ne da ya fi kauri ta gefen da taurarinmu suka fi cunkushewa. Hoton da na fi so in nuna wa ɗalibai shi ne wanda tauraron ɗan'adam ROSAT ya ɗauka na wata a watan Yunin 1990: gefen watan da ke cikin duhu ya fi sararin da ke kewaye da shi duhu. Wata ya tsaya ya tare hasken, ke nan daga bayansa yake fitowa.

Wanda ya taɓa dawowa Yamai da dare ta hanyar Doso ya san yadda garin ke fara bayyana. Tun da sauran nisa za ka hangi wani ja-ja a gindin sama, dunƙule guda, ba ka iya cewa ga fitila ɗaya. Sai ka matso ne dunƙulen ke rabuwa, manyan fitilu su fara fita, ƙananan su biyo baya, kuma in lokacin hunturu ne wasu ba za ka gan su ba sai ka zo gindinsu saboda ƙura. Tambayar da masana suka yi shekaru kusan arba'in suna yi ke nan: shin shimfiɗaɗɗen hasken nan da gaske shimfiɗaɗɗe ne, ko kuwa tarin tushe ne masu yawa da na'urorinmu suka kasa rabewa?

Amsar da ta yi kyau amma ta faɗi

Ana auna kuzarin kowace ƙwayar haske da ma'aunin elektron-bolt. Hasken da ido ke gani yana da 2 zuwa 3. Hasken X yana da dubbai, shi ya sa ake rubuta keV, wato dubu guda. Wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti yana da gomman keV. Duk saɓanin da ɗalibar ta gani a kan wannan ma'auni ya rataya, don haka mai karatu ya riƙe shi.

Tauraron HEAO-1 da aka harba a 1977 ya auna yadda shimfiɗaɗɗen hasken ya rabu daga keV 3 zuwa 50. Sakamakon da aka buga a 1980 ya yi kama ƙwarai da hasken da iskar gas mai zafin fiye da digiri miliyan 400 za ta bayar. Mutane da yawa suka karkata ga cewa akwai irin wannan gas ɗin cike da tsakanin galaksi da galaksi. Abin da ya kashe wannan ra'ayi daga wani fanni dabam ya zo. A 1990 tauraron COBE ya auna ragowar zafin farkon sararin samaniya, wanda yanzu ya huce zuwa digiri 2.7 sama da sifili na ƙarshe, wato sanyin da babu ƙasa da shi, ya same shi sumul, babu karkata. Da akwai gas mai zafi haka a ko'ina, da elektron ɗinsa sun bugi ƙwayoyin wancan tsohon haske sun jirkita shi yadda za a gani. Ba a gani ba. Sai zance ya koma kan tarin tushe.

Waɗanda ake zargi, da abin da bai dace ba

Tun 1943 Carl Seyfert ya lura cewa wasu galaksi suna da cibiya mai haske fiye da kima. A 1963 Maarten Schmidt ya gano cewa 3C 273, da ake ɗauka tauraro ne, yana da nisan biliyoyin shekarun haske. Yau mun san abin da ke cikin irin waɗannan cibiyoyi masu ruruwa: baƙin rami, wato dunƙulen da ko haske ba ya kuɓuce wa jansa, mai nauyin rana miliyoyi ko biliyoyi, yana haɗiyar gas. Gas ɗin ba ya faɗawa kai tsaye. Yana zagayawa a faifai, yana gogar juna, yana zafi, yana fitar da haske mai yawa a sashen da ya wuce shuɗi. A saman faifan akwai wani gajimaren elektron mai zafin kusan digiri biliyan guda, shi ke bugun waɗancan ƙwayoyin haske ya ɗaga kuzarinsu zuwa hasken X. Hanyar tana da albarka matuƙa: kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin abin da aka haɗiya yana komawa haske, alhali wutar da ke cikin rana kashi 0.7 kawai take juyawa.

To amma akwai cikas. A cibiyoyin da aka fi sani, idan ka ninka kuzari sau biyu, yawan ƙwayoyin haske yana raguwa kusan sau 3.7. A shimfiɗaɗɗen hasken kuwa, a tsakanin keV 2 da 10, raguwar kusan sau 2.6 ce kawai, kuma yawancin ƙarfinsa ya taru ne a wajejen keV 30. Ko nawa ka tara na farkon, ba za su ba ka siffar na biyun ba. Na sa ɗalibar ta zana layukan biyu da hannunta a takarda ɗaya kafin mu ci gaba, domin wanda bai ga tazarar da idonsa ba zai ɗauka ƙaramar magana ce.

Mafitar ta fito daga wani galaksi na kusa, NGC 1068, mai nisan kimanin shekarun haske miliyan 47. A 1985 Robert Antonucci da Joseph Miller suka nuna cewa yana da cibiya mai ƙarfi wadda ba ma ganinta kai tsaye, sai dai hasken da ya bugi wani abu a gefe ya karkato mana. Wani kauri na gas da ƙura ya zagaye ta kamar zobe, mu kuma ta gefen zoben muke kallo. A 1989 Giancarlo Setti da Lodewijk Woltjer suka ce, in irin waɗannan lulluɓaɓɓu suna da yawa, to an sami amsar. Lulluɓin yana cinye hasken X mai ƙaramin kuzari, ya bar mai babban kuzari ya wuce. Ka haɗa buɗaɗɗu da lulluɓaɓɓu, sai jimillar ta karkata zuwa sama. Tauraron Ginga na Japan ya ƙara wani guntu a wajejen 1990, da ya nuna cewa wani ɓangare na hasken yana bugun faifan ya dawo, kuma wanda ya dawo ɗin ya fi yawa a keV 20 zuwa 30.

Kaurin lulluɓin hawa-hawa ne. Na matsakaici yana tare abin da ke ƙasa da keV 2 zuwa 5. Idan ya kai kimanin giram biyu da rabi na haidirojin a kan kowane santimita murabba'i, hatta mai keV 10 ba ya fita salin alin, elektron ɗin da ke ciki suna watsa shi. Waɗannan masu kaurin lulluɓi su ne asalin rigimarmu.

Yadda aka ƙirga

Na'urar Einstein ta 1978 ta fara rabe wani ɓangare, kusan kashi ɗaya cikin huɗu a ƙaramin kuzari. ROSAT, a ƙarƙashin jagorancin Günther Hasinger, ya zura ido a wani gurbi da ake kira Ramin Lockman, inda gas ɗin galaksinmu ya yi sirara, ya rabe kashi 70 zuwa 80 a tsakanin keV 0.5 da 2. Yawancinsu buɗaɗɗun cibiyoyi ne masu nisa.

Sai 1999, shekarar da aka harba taurarin ɗan'adam biyu, Chandra a watan Yuli da XMM-Newton a watan Disamba. Madubin Chandra yana rabe abubuwa biyu da tazararsu ba ta wuce rabin daƙiƙar kusurwa ba, kuma har yau babu na'urar hasken X da ta kai shi a nan. Aka zaɓi wani ɗan fili a kudancin sama, wanda bai kai faɗin cikakken wata ba, kusan kashi biyu cikin uku nasa. Daga Yamai ana iya nuna wurin: a daren Disamba, lokacin da Kaza da Ƴaƴanta suka zo tsakar ka, ka juya kudu sosai ka ɗaga ido kusan rabin hanya tsakanin ƙasa da tsakiyar sama. Ido ba zai ga komai a can ba, kuma dalilin zaɓensa ke nan. Tsakanin 1999 da 2016 Chandra ya koma wannan fili sau 102, jimillar daƙiƙa miliyan 7, wato kusan kwana 81. An sami tushe 1008, 711 daga ciki cibiyoyi masu ruruwa. Waɗanda suka fi dishi-dishi suna aiko da ƙwayar haske guda a kusan kwana goma. Ina ganin ya kamata a dakata a kan wannan: galaksi sukutum, da baƙin rami a cikinsa, ana tabbatar da shi da ƙwayoyin hasken da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. In aka shimfiɗa yawan da aka gani a tsakiyar filin ga sama duka, ana maganar baƙaƙen ramuka kusan biliyan guda.

Irin wannan aiki ne ya haifi lambar farko. Ya kuma zo da abin da ba a zata ba. An ɗauka manyan kwasa, wato cibiyoyi mafiya haske irin su 3C 273, ne ke ɗauke da yawancin hasken. Ashe matsakaita ne, masu kama da na Seyfert, waɗanda yawancinsu ba su kai manyan nisa ba. Manyan sun yi tashensu kimanin shekaru biliyan 10 da suka wuce, matsakaitan kuma daga baya, wajen shekaru biliyan 6 zuwa 8. A can ƙarshen dishi-dishi, galaksi na yau da kullum, waɗanda haskensu na X daga taurari masu haɗiyar abokan zamansu yake fitowa, sun fara fin cibiyoyin yawa, sai dai abin da suke ƙarawa a jimilla kaɗan ne.

Inda lambobin suka rabu

Madubin Chandra yana aiki ne zuwa kusan keV 8 ko 10, kuma ƙarfinsa yana raguwa sosai tun kafin nan. Kashi 80 zuwa 90 ɗin nan na ƙasa da ƴan keV ne. Tun 2005 wani bincike da Matthew Worsley ya jagoranta ya nuna cewa idan aka yanka sashen gunduwa-gunduwa, rabon da aka rabe yana sauka yayin da kuzari ke hawa, har ya kusa rabi a sama da keV 8. Abin da ya ɓace kuma siffarsa ta lulluɓaɓɓu ce.

A wajen keV 30, inda ƙarfin hasken ya taru, kafin 2012 kashi 1 zuwa 2 kawai aka rabe, domin babu madubin da ke iya tattara haske mai wannan kuzari. NuSTAR, da aka harba a watan Yunin 2012, shi ne tauraron ɗan'adam na farko da ya iya, daga keV 3 zuwa 79. Shi ya ba da lambar ta biyu: kashi 33 zuwa 39 a tsakanin keV 8 da 24. Ba koma baya ba ne, babban tsalle ne daga kashi 2.

Babu wanda ya yi kuskure ke nan. Amma na nace wa ɗalibar cewa kada ta tsaya a "kowa da gaskiyarsa", domin lambobin ba nauyi ɗaya suke da shi ba. Sashen da aka kusa gamawa shi ne mai ƙarancin ƙarfi. Sashen da ya fi ɗaukar ƙarfi shi ne wanda ba a rabe ko rabinsa ba. Akwai kuma abubuwa biyu da ke sa kowace lamba ta yi rawa. Na farko, jimillar da ake rabawa da ita ba a san ta daidai wa daida ba: ma'aunin HEAO-1 da na baya-baya, irin wanda INTEGRAL ya yi a 2006 ta hanyar barin duniya ta tare masa sama, sun bambanta da kusan kashi 10. Na biyu, filin Chandra ƙarami ne, kuma galaksi ba a warwatse suke daidai ba, wani fili ya fi wani cika.

Abin da aka yi da kundin

Wani abokin aikina da ya ji labarin ya ba da shawarar ta bar babin yadda yake. Hujjarsa ita ce kundin shekara ta uku ne, lambar 90 tana cikin littattafai, babu malamin da zai kama ta da laifi, kuma buɗe sabuwar rigima ana dab da miƙa aiki neman wahala ne. Ba ƙeta ce ta sa ya faɗi haka ba, tausayi ne, ya san yadda lokaci ke ƙure wa ɗalibai. Ban yarda da shi ba. Ɗalibar ta riga ta ga saɓanin, kuma ita ta gano shi da kanta. In aka ce ta rufe ido ta rubuta abin da ta san bai cika ba, an koya mata wani abu da zai fi fizik daɗewa a tare da ita.

Ta sake babin. Ta rubuta ɗan gajeren shiri a kwamfuta wanda ke ɗaukar hasken buɗaɗɗiyar cibiya, ya rufe shi da lulluɓi masu kauri dabam-dabam, ya tara su. Da buɗaɗɗu kaɗai layin ya zube ƙasa. Da ta ƙara masu matsakaicin lulluɓi sai ya miƙe ya kusanci na gaskiya a ƙasa da keV 10. Tudun keV 30 bai tashi yadda ya kamata ba sai da ta zuba masu kaurin lulluɓi. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne ta iya samun kusan tudu iri ɗaya ta hanyoyi biyu: ko ta yawaita masu kaurin lulluɓi, ko ta rage su ta ƙara yawan hasken da ke bugun faifai ya dawo. Ta zo tana tsammanin shirin nata ne ya sami matsala. Na ce mata lafiyarsa lau, wannan shi ne ainihin inda masana suka tsaya. Shi ya sa wasu lissafe-lissafe ke cewa masu kaurin lulluɓi kashi 20 zuwa 30 ne na dukkan cibiyoyi, wasu kuma su kai su rabi.

Bambancin ba na ado ba ne. Tun 1982 Andrzej Sołtan ya nuna cewa idan ka tara duk hasken da cibiyoyi suka taɓa fitarwa, za ka iya lissafa nauyin da baƙaƙen ramuka suka tara, sannan ka gwada shi da nauyin waɗanda ke kwance yau a cibiyoyin galaksi, kamar namu mai nauyin rana miliyan 4 ko na M87 mai biliyan 6.5. In ɓoyayyun sun kai rabi, to ko dai ramukan sun fi yadda aka ƙiyasta nauyi, ko kuma suna juya abin da suka ci zuwa haske fiye da kashi 10, wanda ke nufin suna jujjuyawa da sauri. Kuma ɓoyayyun ba shiru suke ba: a 2022 na'urar IceCube da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Antatika ta ba da shaidar cewa nutirino, wasu ƴan ƙananan ƙwayoyi masu ratsa kusan komai waɗanda lulluɓi ba ya tare su, suna fitowa daga NGC 1068.

Jerin tushe 1008 ɗin nan a buɗe yake a intanet, kowa na iya sauke shi, kuma ba shi da nauyi. Ga kowane tushe an ba da yawan hasken da aka samu a keV 0.5 zuwa 2 da kuma 2 zuwa 7, kuma ga mafi yawansu an ba da nisa. Aikin da ta sa a gaba yanzu shi ne ta raba na biyun da na farkon, ta ware waɗanda babban kuzari ya rinjaya a cikinsu, ta ga yadda yawansu ke canzawa da nisa. Akwai tarko a nan da na ja mata kunne a kai. Faɗaɗar sararin samaniya tana rage kuzarin haske a hanya, ta yadda ƙwayar da ta baro tushe mai nisan shekaru biliyan 10 da keV 9 za ta iso mana da keV 3. Lulluɓaɓɓe na nesa zai yi kama da buɗaɗɗe idan ba a gyara wannan ba. Idan ta wuce zuwa digiri na biyu, shawarar da na ba ta ita ce ta nemi alamar baƙin ƙarfe, layin keV 6.4 da ke fita da ƙarfi a masu kaurin lulluɓi. Ga tushen da haskensa ya yi kusan shekaru biliyan 8 a hanya, layin zai sauko zuwa keV 3.2, daidai inda Chandra yake gani da kyau.